Abin da Lallen Ya Rufe

…kuma wai in saki hannu. Ina ni ina sakin hannu, likita, kwana shida ke nan ba nawa ba ne.

Man nan da ya shafa mani sanyi ƙarara. Yana jan na'urar daga hammata zuwa gwiwar hannu, idonsa ga allo. Nan, in ji shi, nan jinin ya daskare ya toshe hanya. Yana matsa farcena, yana saki. Ba ya ganin komi, lalle ya rufe.

Adda Zaituna, kina tsaye bayana da farin kayanki na asibiti. Ina jin numfashinki. Shekara ashirin da biyu kina aikin jinya, duk Ƙofar Kware ke aka kira kafin a kira likita…

Laraba ce. Saura kwana ukku bikin ɗiyarki Sadiyatu, ga tukwane tara, ga baƙi daga Gawon Nama. Wa ka tuƙa tuwon biki gidanmu in ba ni Lailatu ba? Na ce maki hannun ga ya yi sanyi, yatsu kamar na wani. Kin kama wuyan hannuna. Kin daɗe riƙe da shi, wallahi kin daɗe. Kika ce sanyi ne, a gasa da ruwan zafi, bayan biki a duba.

Na tuƙa. Da hagu na tuƙa, ina dariya, mata na yi mani kirari.

Wai yatsu biyu likita ba ya da tabbas za su tsira. Biyu! Da mi zan kama muciya, da mi zan ja tasbaha? Da an zo tun ranar farko, in ji shi… ko ba wanda ya ga launin farcen nan kafin a sa lalle?

Yi magana mana, Adda. Ke da bakinki ba ya mutuwa.

Ni fa ban son lalle, kowa ya sani. Tun rasuwar Inna ban ƙara sawa ba. Ke kika kwaɓa shi da kanki, Larabar nan ko dare ba ki bari ya yi ba, kika zaunar da ni bakin rijiya kina cewa ƙanwar uwar amarya ba ta fita da hannu haka. Kuma ba ki fara da tafin hannu ba, yadda aka saba.

Da farcen kika fara.