Masaukin Manhajar Baba

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai na shiga cikin kwamfutata da ƙafa, ina riƙe da manhajar da na haɗa wa Baba da hannuna. Idanun Baba sun yi rauni, ita ce za ta riƙa karanta masa saƙonni. A mafarkin ta koma kamar ɗan tsako, da ɗuminta, tana numfashi a tafin hannuna, ni kuma ina nema mata wurin zama.

Ashe ciki gari ne. Ruwa yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, kowa ya juya laimarsa tana kallon ƙasa.

Sai ga ni a ofishin wata akuya mai tabarau. Duk manhajojin garin ita ke kawo su a ƙunshe, ita ke sabunta su.

Ta shinshina hannuna. "Wa ya kawo wannan?"

"Ni na haɗa ta, ranki ya daɗe."

"Babu warina a jikinta. In ka ajiye ta a unguwata, /usr/bin, ran sabuntawa ina iya ɗora wata a kanta. Ba mugunta ba ce. Abin da ban kawo ba, ba na ganinsa."

Na ƙara ƙanƙame ta. In ta ɓata, Baba zai koma jiran mai karanta masa.

Sai ga ni a wani masauki, an rubuta /opt a ƙofarsa. Mai gadin jimina ce.

"Nan na baƙin da suka zo da kayansu niƙi-niƙi ne," in ji ta. "Ina nata?"

Manhajar tawa ba ta da komai sai kanta. Da ta leƙa girman ɗakin ta fara rawar sanyi, na fito da ita.

A ƙarshen wani lungu na tarar da Inna, wadda ta rasu bara, zaune a bakin wani ɗaki tana tankaɗe, garin tuwon yana tashi sama. A ƙofar an rubuta /usr/local.

"Kai wannan, kawo ta nan," ta ce. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ni ne ɗan farinta. "Nan ɗakin 'yan gida ne. Akuya ba ta shigowa."

Ta karɓe ta, ta goya ta da zane, nan take ta daina rawar sanyi.

"Malam yana cin abinci kuwa?"

"Yana ci, Inna. Sai dai ya ce miyar kowa babu gishiri."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Manhajar ta fara karatu a bayanta, Inna ta saurara har ta kai aya.

"Ka rage mata sauri. Kunnensa ma ba kamar da ba ne, ba zai gaya maka ba."

Na buɗe baki zan ce ta taso mu tafi gida, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.