Kafin Cinnaka Ta Shiga Aji

Ranar da Maman Cinnaka ta dawo daga aiki da takardar makaranta a jaka, ta tarar da Iya zaune a ƙasan falo, ta miƙe ƙafafu, tana ba yarinyar shinkafa a baki.

Shekara huɗu ke nan Iya na raino a gidan. Yarinyar na wata uku aka ɗora mata ita a cinya, lokacin da hutun haihuwa ya ƙare uwar ta koma aikinta na jinya a asibiti. Uban direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Kullum da sassafe Iya ke sauka daga bas, ta hau bene hawa uku tana dafa gwiwa, ba ta tafiya sai uwar ta dawo. Ita ce ma ta laƙa wa yarinyar suna. Haƙora biyu kacal gare ta ta dasa wa Iya su a damtse, Iya ta yi ƙara ta ce, "Wash! Wannan ai cinnaka kuka haifa!" Shi ke nan suna ya bi ta.

"An ɗauke ta, Iya," in ji uwar, tana cire takalmi a bakin ƙofa. "Nan da sati shida za su fara. Ga abin da suke so yaro ya iya kafin ya zo."

Iya ba ta karatu, don haka uwar ta karanta mata. Yaro ya iya faɗin cikakken sunansa. Ya ci abinci da hannunsa. Ya sa takalmi, ya shiga banɗaki shi kaɗai. Ya iya wuni ba tare da kukan gida ba. Kada ya doki wani ko ya cije shi.

Da ta zo kan na ƙarshen sai suka dubi juna suka fashe da dariya.

"Ko ɗaya ba ta iya ba," uwar ta ce. "Kin shagwaɓa ta, Iya."

"Ni? Wa ke shigowa da alewa a aljihun farar riga?"

Uwar ta yi murmushi, amma bai daɗe a fuskarta ba. Ta tura Cinnaka ɗaki ta ɗauko 'yar tsanarta, sannan ta zauna a hannun kujera ta rage murya. Makarantar sai ƙarfe uku ake tashi, a can za su ci abincin rana. Ita kuma ta roƙa an mayar da ita aikin safe zalla, za ta riƙa biyawa ta ɗauko ta.

"Kin ga ke nan ba kowa a gidan duk wuni," ta ce, idonta a kan takardar. "Amma kada ki damu. Wata abokiyar aikina ta haihu, na ba ta labarinki, har ta ƙosa ki fara. Mutanen kirki ne. Sai dai don Allah kada Cinnaka ta sani tukuna. In ta ji, ba za ta yarda da makarantar ba."

Iya ta ce, "To." Ta sunkuya tana tsince ƙwayoyin shinkafar da suka zuba a kafet, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba shinkafa ba.

Washegari aka fara. Iya ta ajiye kwano da cokali a gaban yarinyar, ta koma gefe ta naɗe hannu. Cinnaka ta buɗe baki kamar ɗan tsako tana jira. Ta jira har muƙamuƙinta ya gaji. Da ta gane ba wasa ba ne, ta hankaɗe kwanon ta yi birgima a ƙasa. Iya ta kwashe, ta zubo wani. Sau uku a ranar. A na ukun yunwa ta ci ƙarfin fushi, yarinyar ta kama cokali kamar mai riƙe taɓarya, rabi a baki rabi a riga, tana ci tana hararar Iya.

Takalmi bai ba da wuya sosai ba, illa dai kullum na hagu a dama yake sauka. Iya ta ɗiga jan farce a cikin na dama. Banɗaki ya ci sati biyu da wanki mai yawa. Suna kuwa, in aka ce, "Yaya sunanki?" sai ta ɗaga kai da alfahari ta ce, "Cinnaka!" Iya ta yi ta maimaita mata sunan da ke kan takardar haihuwarta, har da na ubanta, suna rera shi a kan matakala, taki ɗaya kalma ɗaya. Ita kanta Iya sunan baƙo ne a bakinta. Ji take kamar 'yar wasu take kira.

Mai wuyar shi ne rabuwa. A hawa na ƙasa akwai wata tela mai ɗinki a falonta, mace mai surutu da son yara. Iya ta shirya da ita. Ta kai Cinnaka, ta zaunar da ita kusa da kwandon ƙyallaye, ta ce, "Zan je in dawo. Ki zauna wurin Anti." Ta ja ƙofa ta fita.

Ba inda ta je. Ta hau taki biyar ta zauna a kan matakala inda ba za a hango ta ba. Kukan ya biyo ta ta ƙarƙashin ƙofa, ya danne ƙarar keken ɗinki. "Iya! Iyaaa!" Ta cusa gefen mayafinta a baki ta danne. Wani maƙwabci da ke saukowa da bokiti ya tambaye ta ko lafiya, ta ce gwiwa ce.

Ranar farko minti goma ta iya. Ta biyu, kwata. A sati na huɗu tana kai awa biyu, har takan zagaya kasuwa da gaske. Wata Laraba ta dawo ta tura ƙofa a hankali, ta ga Cinnaka ta baje maɓallai a ƙasa tana ware jajaye daga farare.

"Na dawo," in ji Iya.

"To, jira in gama," yarinyar ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Tela ta tafa hannu. "Kin gani? Aiki ya yi kyau! Sai ki ba ni tukwici."

Iya ta yi dariya ta nemi kujera. Tela ta dube ta da kyau, ta cire ƙafa daga kan keke. "Ke kuma fuskarki kamar an aiko miki da mutuwa."

Iya ta dubi Cinnaka. Sannan a hankali, yadda yarinyar ba za ta ji ba, ta ce ita ma ta taɓa samun 'ya mace, shekaru talatin da suka wuce. Ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara uku da rabi. "Ban taɓa shirya yaro makaranta ba," ta ce. "Tawa ba ta kai ba. Na raini yara biyar a gidajen mutane, duk kafin su kai nan an ƙaura ko an sallame ni. Wannan ce ta farko da na kawo har bakin ƙofa."

"Kin faɗa mata za ki tafi?"

"Uwarta ta hana."

Ranar Juma'ar ƙarshe aka kawo rigar makaranta daga wurin tela, shuɗiya mai farar kwala, an bar mata tsawo don ta yi shekara biyu. Iya ta sa mata, ta rataya mata jaka, ta tsayar da ita gaban madubi. Cinnaka ta juya hagu ta juya dama, ta faɗi cikakken sunanta ba a tambaye ta ba. Sai ta dubi Iya ta cikin madubin.

"In na dawo ki ajiye mini ayaba."

"Mama za ta ajiye miki."

"Ke fa?"

Iya ta gyara kwalar da ba ta karkace ba. A shekara huɗu ba ta taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, ko a kan allura. In za a yi mata, takan ce da zafi, amma kaɗan. Ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara.

"Ni ba zan riƙa zuwa ba, Cinnaka. Kin girma. Akwai wani jariri da ba shi da mai riƙe shi in mamarsa ta tafi aiki. Can za ni."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon Iya, tana tunani, goshinta a tattare. Sannan ta sauke jakar. Ta zauna a ƙasa ta cire takalman, ta sa na dama a hagu, na hagu a dama, ta miƙo ƙafafun.

"Ban iya ba," ta ce.

Da rana ta ƙi taɓa cokali. Ta buɗe baki ta ce, "Ba ni. Ni ƙarama ce." Da la'asar ta tsaya a tsakiyar falo, idonta cikin na Iya, ta yi fitsari a tsaye. Da uwar ta dawo ta tambaye ta sunanta don ta ji daɗi, ta ce ba ta da suna.

Uwar ta ja Iya kicin ta rufe ƙofa. "Na roƙe ki, Iya. Abu ɗaya na roƙe ki. Aikin sati shida kin rushe shi a wuni ɗaya. Yanzu ranar Litinin me zan kai musu?"

"Ta tambaye ni ne."

"Sai ki ce eh! Yarinya ce, da ta manta."

"Da ta dawo ta duba bayan ƙofa, ta duba banɗaki," in ji Iya. "Na san ta. Da ta yi sati tana dubawa."

Uwar ta juya ta kunna famfo ba tare da abin wankewa ba. Can ta ce, ba ta waiwayo ba, "Kina ganin ni daɗi nake ji? Ranar da ta fara tafiya ina asibiti. Ke kika faɗa mini a waya."

Iya ta ɗauki jakarta ta sauka. Asabar da Lahadi ba ta aiki. Ta yi su a ɗakinta, ta wanke kayan da ba su yi datti ba. Uwar ta kira sau ɗaya ta ce yarinyar shayi kawai ta sha tun jiya, ko Iya za ta zo ranar Litinin da safe, ko na rabin awa ne.

Ta zo. Ta tarar da Cinnaka a ƙarƙashin teburin cin abinci da rigar barci, uwar tsaye da rigar makaranta a hannu, ta riga ta makara. Iya ba ta jawo ta ba. Ta zauna a ƙasa da ƙyar, ta jingina da ƙafar tebur, ta ba yarinyar baya.

"Yau ni ma zan fara sabon wuri," ta ce, kamar da bango take magana. "Ban san kowa ba a can. Ban san inda banɗakinsu yake ba. Tun jiya tsoro nake ji."

Sai daga ƙarƙashin tebur aka ce, "Ki tambayi Anti. In kina jin fitsari ki ɗaga hannu."

"Haka ake yi?"

"Ke kika ce."

"To, zan gwada. In na yi kuka fa?"

Cinnaka ta rarrafo ta fito. Ta dubi fuskar Iya, ta ga da gaske a jiƙe take. Ta goge mata da tafin hannu, da ƙarfi, yadda ake goge mata majina. Sannan ta karɓi rigar daga hannun uwarta. Ta sa takalmi daidai. A bakin matakala ta kama ɗan yatsan Iya suka sauka tare, a bakin titi kuma hanya ta rabu, makaranta hagu, tashar bas dama. Nan ne ta ƙanƙame zanen Iya ta fasa ihu, sai da uwar ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya ta saɓa ta a kafaɗa. Iya ta miƙi hanyar tasha ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya babu mai zuwa ko'ina a cikinsu.

Sabon gidan ba laifi. Jaririn mai haƙuri ne, gidan kuma a ƙasa yake, ba hawa. Da farko Maman Cinnaka kan kira duk Lahadi ta miƙa wa yarinyar waya, sai dai yarinyar ba ta magana, numfashinta kawai Iya ke ji. Daga baya kiran ya koma wata-wata, sannan ya tsaya. Ba wanda ya yi laifi, kowa da hidimarsa.

Bayan wata bakwai suka haɗu a tashar bas, wata ranar Asabar da yamma. Uwar ce ta fara ganinta ta ƙwala mata kira. Cinnaka ta yi tsawo, kumatun sun zube. Ta laɓe bayan uwarta tana leƙe.

"Ba ki gane Iya ba? Iyarki fa!"

Yarinyar ta gyaɗa kai, ta gaishe ta da ladabi kamar yadda ake gaida baƙi. Iya ta lura da wani tabo a gwiwarta, baƙi, ya kusa warkewa.

"Me ya same ki a nan?"

"Lilo ne ya yar da ni."

"Wayyo. Wa ya ɗaga ki?"

"Ba kowa. Ni na tashi."

Bas ɗinsu ta iso, mutane suka yi ca. Uwar ta ce lallai Iya ta zo ta wuni wata rana, Iya ta ce in Allah ya yarda. Suka shiga. Cinnaka ta samu wurin taga, tana nuna wa uwarta wani abu a ɗaya gefen titin har motar ta tashi.

Bas ɗin Iya ce ta biyo baya, kuma da wurin zama. Ta bar ta ta wuce. Ta zauna a kan bencin tashar da ledar sabulun da ta sayo a cinya, ta jira ta gaba.