Zanen Gwaggo Tasalla a Cikin Waya

Jiya da na kwanta wani mafarki ya ɗauke ni, har yanzu kuwa jikina bai gama dawowa daidai ba.

Na gan ni na iso wurin aiki, gidan adana kayan tarihi na garinmu, Rafin Gawo, inda ni ne mai kula da shafinsa na intanet da duk harkar tallata shi. Hantsi ne. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama, saboda haka kowa a titi ya kifar da lemarsa yana kare ƙafafu. Ginin namu ya juya wa titi baya. Ban yi mamaki ba, na san fushi yake yi don an daɗe ba wanda ya shigo shi. Na zagaya ta lungu na sami ƙofa.

Sai ga ni a ɗakin taro. Darakta tana kan kujerarta, akuya ce ja mai tabarau da mayafi. 'Yan kwamiti, waɗansu tumaki, sun jeru a gefenta. Tsarin ci gaban da muka yi wata da watanni muna haɗawa yana gabanta a faranti, ta riga ta cinye rabi.

"Malam Nafi'u," in ji ta, "tsarin nan daga ƙarshe ya fara. An riga an rufe mu."

"Ranki ya daɗe, yaushe?"

"Anjima da azahar. In ba a ga jama'a a gidan nan ba kafin a kira salla, za a mayar da shi wurin ajiye babura."

Tumakin suka gyaɗa kai tare.

Na ce, "Ai jama'ar ce ba ta zuwa."

"Suna cikin waya. Kai musu kayan can, su kuma su zo nan." Ta yagi wani shafin ta ci gaba da tauna.

Na tsinci kaina a ɗakin nuni, waya a hannu. Na fara da wani tsohon akushi. Ina danna hoto sai akushin ya ɓace daga kan kanta, ya bar zagayen gindinsa a jikin katako. Na duba waya, ga shi a ciki, ya fi kyau ma. Duk da haka na ɗora shi a shafinmu. Na ɗauki zugazugin maƙera, shi ma ya tafi. Na ɗauki tulu, da garma, da mazari. Gurmi yana cikin kiɗa shi kaɗai na danna, kiɗan ya yanke a tsakiya. Ina so in daina, yatsana ya ƙi. Kantoci suka yi ta zama fayau a bayana.

Can na ji ana buga ƙofa da ƙarfi, kamar ta mutane masu yawa. Na ruga da murna na buɗe.

Manyan yatsu ne. Ba hannu, ba jiki, babban yatsa kawai, suna tsalle kamar kwaɗi bayan ruwa. Wani da jan lalle, wani da baƙin mai a ƙarƙashin farce, wani na jariri. Suka cika ɗakin, suka tsaya a gaban kantocin da ba komai, kowanne ya miƙe sama.

"Sannunku da zuwa," na ce. "Nan ne akushin yake da. An sassaƙa shi tun zamanin…"

Ba wanda ya juyo. Ba su da abin juyowa.

Darakta ta leƙo ta taga. "Ka gani? Ga jama'a."

"Ranki ya daɗe, ba su da ido."

"Tsarin bai ce ido ba. Ƙaro mini su, har yanzu da saura. Ga abu can ba ka ɗauka ba."

Abin da take nufi zane ne, shi kaɗai ya rage a ɗakin, a rataye jikin bango. Saƙi ne baƙi mai ratsin fari. Ba na gidan ba ne, na Gwaggo Tasalla ne, ƙanwar mahaifina. Kakata ce ta kaɗa zarensa da hannunta, kuma shi ne kawai abin da Gwaggo ta gada daga gare ta. Na yi ta zarya kafin ta yarda ta ba mu aro. Ranar da ta miƙo mini shi cewa ta yi duk sa'ad da ta yi kewar Inna za ta zo ta shinshina, ni kuma na ce ko da wane lokaci ta zo za ta same shi.

"Ranki ya daɗe, wannan amana ce."

"To, ko ka ɗauka, ko in ɗanɗana."

Ban ga shigowarta ba, sai dai na ga ta ɗora ƙafafun gaba a bango, leɓenta ya kusa gefen zanen. Daga masallacin unguwa na ji ladan yana hura lasifika yana gwadawa. Na ɗaga waya na danna. Darakta ta ciji iska. Ƙusa kawai ta rage a bango.

"Salamu alaikum."

Na san muryar tun kafin in juya. Gwaggo Tasalla ce a bakin ƙofa, ta jiƙe daga ƙafa zuwa gwiwa, kanta a bushe, da ƙullin gyaɗa a hannu. Yatsun suka dare suka ba ta hanya.

"Mai sunan Baba, na zo gaida Inna."

Na durƙusa na fara gaisuwa. Na tambayi gida, na tambayi ƙafarta da ke ciwo, na tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, na tambayi maƙwabta, na gangaro har kan kaji. Tana amsawa da lafiya lau. Da kajin suka ƙare na koma kan ƙafar.

"Ka tambayi wannan," in ji ta. "Ina zanen?"

Na miƙa mata waya da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo. Ta kai gilashin hancinta ta ja numfashi.

"Ba ya ƙanshin kowa."

"Gwaggo, mutane da yawa sun gan shi. Har ƙasashen waje."

"To madalla. Da suka gama sun ninke shi?"

Ta ajiye ƙullin gyaɗar, ta cire takalmanta ta jera su, ta gyara ɗaurin zaninta, ta yi bismilla, ta sunkuya ta shiga wayar kamar mai shiga ɗaki mai gajeriyar ƙofa.

Ta koma ƙarama kamar fara. Ina ganinta tana ratsawa tsakanin tulu da garma, tana ɗingishi. Ba ta kai ga zanen ba yatsun suka yi tsalle suka hau wayar, suka shiga shafa gilashinta suna tura hotuna sama. Gwaggo ta wuce fit. Wani mai tallan takalma ya maye gurbinta, sai 'yan ƙwallo, sai wata mai koyar da girki. Na kakkaɓe yatsun, waɗansu suka hau. Na ɗaga wayar sama da kaina na fita da gudu ina kiran sunanta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Na same ta can cikin wayar, tsakanin mai maganin basir da wani biki. Ta rungume zanen a ƙirji.

"Mai sunan Baba, nan akwai hayaniya. Ta ina ake fita?"

"Ki tsaya nan, Gwaggo, kada ki motsa."

A lokacin na lura batir ya yi ja.

Sai ga ni a rumfar Ɗan'asabe mai cajin waya, a bakin tasha. Wayoyi sun jeru a kan teburinsa suna barci, waɗansu har da minshari.

"Ɗan'asabe, caji! Gwaggona ce a ciki."

"Ai ba wuta. Ta tafi ƙauye gaisuwar rasuwa."

"Janareta fa?"

"Shi ya raka ta."

Ya karɓi wayar ya leƙa. Ya cire hula. "Inna, sannu da hutawa."

"Yawwa, sannu ɗan nan. Ya kasuwa?"

"Da godiya." Ya mayar mini da ita, ya rage murya. "Malam Nafi'u, in ta mutu sai dai ka nemi sabuwa."

"Wace ce in ta mutu?"

"Duk wadda ta riga."

Ladan ya ɗaga murya da kiran salla. Na san can baya an fara tura babura cikin ɗakin nuni, na kuma ji Darakta tana ƙwala mini kira in zo a yi taron duba nasarori. Ban waiwaya ba. Na zauna a ƙasa cikin ruwan da ke hawa, na ɗora wayar a cinya. Haskenta ya fara dushewa daga gefe-gefe.

"Ana yin duhu a nan," in ji Gwaggo. Muryarta ba tsoro, kamar mai cewa a kwashe shanya.

"Gwaggo, ban san yadda zan fito da ke ba."

"Dakata."

Na ga ta sa haƙori a bakin zanen ta cizgo zare. Ta durƙusa ta zura shi ƙasa. Can sai ga bakin zaren ya leƙo ta ramin da ake sa caja, baƙi, yana ɗan rawa.

"Kama ka ja. Ni zan riƙe ɗaya bakin."

"Zanen zai warware, Gwaggo."

Ta tusa fuskarta a cikinsa ta daɗe, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Batir yana ƙifta mini ja. Ban iya ce mata ta yi sauri ba.

Ta ɗago. "Na gaishe ta. Ja."

Na fara ja. Zaren yana fitowa da ɗumi, yana taruwa a kan ƙafafuna, baƙi, sai fari, sai baƙi. Ƙanshin hayaƙin itace da man shanu ya cika rumfar, har Ɗan'asabe ya bar abin da yake yi ya tsaya. A cikin waya zanen yana raguwa. Ya koma kamar ɗankwali, ya koma kamar tafin hannu. Ina ja ina kuka, ina tsoron in yi ƙarfi ya tsinke, ina tsoron in yi sanyi hasken ya riga ni.

Sai ga yatsunta sun fito ta ramin, da zoben azurfarta. Na saki zaren na cafke su. Hannun ya biyo har wuya, har gwiwar hannu.

"Ka riƙe ni da kyau, mai sunan Baba."

"Na riƙe, Gwaggo."

Wayar ta yi ɗif.

Hannun yana nan a nawa, da ɗuminsa, amma ya daina fitowa. Na kafa ƙafa a jikin teburin Ɗan'asabe na ja da iyakar ƙarfina. Na ji wani abu yana gogawa daga ciki, ƙarrr, ƙarrr, kamar tana neman hanya da ɗaya hannun a cikin duhu. Na ce ta ƙara ƙoƙari, saura kaɗan. Ƙarar ta yi ta matsowa.

Na buɗe ido. Maman Ilu ce, maƙwabciyarmu, take kankare ƙanzon tukunya da cokali a bayan tagata. Gari ya waye sarai. Igiyar caja tana naɗe a hannuna, na fizgo ta daga bango, ta shata mini layi a fata. Na daɗe a zaune a bakin gado ban sake ta ba.