Injiniya da Tandar Burodi

Aikin Injiniya a ɗakin gwaji shi ne gana wa ƙarfe azaba. Za a kawo sandar da aka haɗa daga ƙarafa iri-iri don injin jirgin sama, a zura ta a wuta har ta yi jajir, a rataya mata nauyi, shi kuma ya zauna yana auna yadda take miƙewa kaɗan-kaɗan kafin ta tsinke. Ya san halin ƙarfe. Haka yake gaya wa kowa, har wanda bai tambaya ba.

To, ranar da matarsa ta yi kukan sandunan tandar burodinta sun lanƙwashe, tire na zamewa, sai ya ga ranarsa ta zo. Ya roƙo ragowar sandunan gwaji a wurin aiki, ya naɗe hannun riga, ya dasa su cikin bangon tandar, hagu da dama, ya liƙe da siminti. Ko allura ba ta samu wurin shiga ba.

"Wannan ko giwa kika gasa a kai, ba zai motsa ba," in ji shi.

Ranar gwaji aka yi sa'a surukarsa ta zo gidan. Ya jawo mata kujera gaban tanda, ya shiga yi mata bayani, tana gyaɗa kai don kara.

Tanda ta ɗau zafi. Can sai suka ji ƙas! Bango ya tsage, bulo ɗaya ya faɗo gaban tsohuwa. Matarsa ta buɗe murfin: sandunan sun gantsare sama kamar bayan kyanwa, burodi duk ya gangara cikin toka.

Injiniya ya dafe kai. Ƙarfe in ya ji wuta tsawo yake ƙarawa. In bai samu wuri ba, ya ture bango ko ya lanƙwasa kansa. Darasin farko ke nan da yake koya wa sababbin ma'aikata, har da buga tebur.

Surukar ta kakkaɓe zaninta. "Ɗan nan, wannan ne aikin da kake yi a ofis?"

"Shi ne, Mama," ya ce, yana sosa ƙeya. "Sai dai can da gangan muke yi."

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta miƙa masa cebur. Hutun ƙarshen makon nan a kwaɓa siminti ya ƙare, ya sake ginin ya bar wa kowace sanda wurin miƙe ƙafa. Da yamma aka kawo masa shayi da burodin da ya fi ƙonewa, ya cinye tas.