Takardar Wanke Yaya

Asibiti ya ɗauki Yaya aikin tuƙa motar marasa lafiya, amma da sharaɗi. Da suka bincika sunansa wurin 'yan sanda, sai tsohuwar maganar siminti ta taso: an taɓa kama shi, an gurfanar da shi gaban alƙali. Matar da ke ɗaukar ma'aikata ba ta ci masa fuska ba. Ta ce tunda ya ce kotu ta wanke shi, ya kawo takardar hukuncin mai hatimi kafin ƙarshen wata, in ba haka ba za su ba na bayansa.

Ya zo shagona da labarin, ya zauna kan bencin masu jiran ɗinki, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Shi ke nan, Auta. Ba rabona ba ne."

Na tsayar da keke. Shekara goma sha wani abu yana tuƙa motocin mutane, yau wannan ya ɗauke shi, gobe ya ji ƙishin-ƙishin maganar siminti ya sallame shi. Yanzu aiki na dindindin ya zo har bakin ƙofa, wai ba rabonsa ba ne.

"Takardar tana ina?"

"Wace takarda? Alƙali ya ce mu tafi gida, muka tafi."

Haka kuwa aka yi, ina wurin. Babbar motar wani kamfani yake tuƙawa a lokacin. Siminti ya ɓace a sito, sitokipa ya ce da sa hannun direba, aka kwashe su har da shi sitokipan. Yaya ya yi watanni a tsare yana jiran shari'a, har ya rame kamar ba shi ba. Ranar da alƙali ya ce su tafi, Inna, Allah ya jiƙanta, ta kama hannunsa ta ja shi waje tana kuka tana dariya. Babu wanda ya waiwaya, balle ya tuna da wata takarda.

Na ce, "Gobe zan je kotun."

"Ni dai ba zan taka ba."

"Wa ya gayyace ka? Ka zauna ka yi ta shafa hula."

Ofishin rajistar kotun ɗan ɗaki ne mai taga da ƙarafa, ana miƙa takarda ta ƙasansu. Magatakardan dogon mutum ne mai furfura a gemu, biro a bayan kunne, wani biron a hannu, ga shi kuma yana neman biro. Na gaishe shi da ladabi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Lambar shari'a?"

"Ban sani ba, Malam."

"Shekara fa?"

"Shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malama, ba a gayyace ni suna ba."

Na lissafa da yatsu na ba shi shekarar. Ya ce in rubuta takardar neman kwafi, in faɗi dangantakata da mai shari'ar, in biya a tagar gaba, in kawo masa rasit. Duk na yi kafin azahar. Ya ce in dawo.

Na dawo. Ya buɗe wani ƙaton littafi da bangonsa ya fara rabuwa da jikinsa, ya bi sunaye da yatsa, shafi bayan shafi, har na shekarar gaba da na baya. Sannan ya rufe.

"Babu sunan nan."

"Ya za a yi babu? Da idona na gan shi a tsaye a can ciki."

"Idonki ban musa masa ba. Amma littafi bai gan shi ba."

Raina ya ɓaci sosai. Sai dai ni ba a korata da babu. Washegari na kulle shago, na zo da ledar rigunan da ke jiran maɓalli, na zauna kan bencin da ke fuskantar tagarsa. Duk sanda ya ɗaga kai, ni zai gani da allura. Lauyoyi suna shiga suna fita, masu ƙara suna rantsuwa da juna a baranda, ni kuwa ko gezau. Har wata 'yar sanda ta kawo mini siket ɗinta na rage mata ƙugu.

Da abin ya ishe shi, ya kira ni. "Baiwar Allah, kotu kika zo ko reshen shago kika buɗe?"

"Duk wanda ya fi sauri, Malam. Mutum huɗu aka tsayar rana ɗaya, a ce ƙasa ta haɗiye labarinsu?"

Ya ajiye biro. "Su huɗu?"

"Su huɗu."

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Ka tambaye ni?"

Ya yi tsaki, amma ba na wulakanci ba. Ya ce in an kawo mutane da yawa a shari'a ɗaya, sunan na farko kaɗai ake sa wa a littafi, sauran sai a rubuta da wasu mutum uku. Wato Yaya, da duk wahalar da ya sha, ko suna bai samu ba. Ya ce in kawo cikakken sunan wanda aka fara kira.

Na san sitokipa ne, amma ni da sitokipa na san shi. Na buga wa Yaya waya. Ya ce ya yi rantsuwa bakinsa ba zai sake furta sunan mutumin nan ba. Na ce to yatsunsa ba su yi rantsuwa ba. Can sai ga saƙo ya shigo.

Nan take magatakarda ya samu lambar. Ya ɗauki makulli, na bi shi zuwa wani ɗaki a bayan gini. Ya ce iyakata bakin ƙofa. Fayil-fayil ne ɗaure da igiya tun daga ƙasa har silin, wasu ruwa ya taɓa su sun manne, ɗakin yana warin tsohuwar takarda da ɓera. Ya daɗe yana sauke ɗauri yana mayarwa, yana atishawa yana yi mini addu'ar shiriya. Daga ƙarshe ya fito da wani siririn fayil mai ruwan ƙasa.

Wallahi na ji daɗi, har na fara tunanin yadda zan wurga wa Yaya takardar a cinya.

A tebur ya kwance igiyar, ya je shafin ƙarshe. Ya karanta, ya koma baya, ya sake karantawa. Ya cire tabarau.

"Wa ya ce muku an wanke shi?"

"Alƙali ya ce su tafi gida."

"Ya ce. Shaidun kamfani ne ba su zo ba, sai ya ɗage shari'ar ba tare da sa rana ba, ya sake su bisa alkawarin za su dawo in an neme su. Ga sa hannun yayanki nan. Ba a neme su ba, su ma ba su nema ba. Shari'ar nan kwance take, Malama, ba a rufe ta ba."

Na riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu.

Ya sassauta murya. Ya ce zai iya ba ni kwafi mai hatimi, amma abin da zai nuna wa asibiti ke nan. Ya ce za mu iya barinta a kwance har sai baba-ta-gani, da wuya wani ya tashe ta. Ko kuma Yaya da kansa ya nemi a sake kiran shari'ar, ya tsaya gaban alƙali a yanke. Za a aika wa kamfanin. Wataƙila ba za su zo ba, wataƙila su zo da shaidu. Rana kuwa, da ƙyar a samu kafin wata ya ƙare.

Na sami Yaya a ƙofar gida yana wanke motar maƙwabcinsa. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Soso yana hannunsa, kumfa tana zuba kan takalminsa bai kula ba.

Ni da na yi ta cika baki, ni ce na fara ja da baya. Na tuna yadda ya fito daga wancan wuri, na ji tsoro. Na ce, "Yaya, mu bar ta. Aikin ma ya riga ya kuɓuce. Kar mu je mu tono abin da zai sake cinye ka. Ga yara."

Ya gama wanke motar tsaf, har tayoyi, ya shiga gida.

Da safe ina buɗe shago na gan shi tsaye, ya sa farar rigarsa ta zuwa neman aiki.

"Kulle ki raka ni."

"Ina?"

"Kin fi ni sanin hanya."

A gaban tagar, magatakarda ya sake yi masa bayani dalla-dalla, ya ce ba ya so gobe a ce bai faɗa ba. Ya ce babu wanda zai iya yi masa alkawarin yadda za ta kaya.

"Na ji, Malam," in ji Yaya. "Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake kotu ta wanke ni. Na faɗa wa surukaina, na faɗa wa 'ya'yana. Ban ɗauki buhu ko ɗaya ba, amma ashe maganar da nake faɗa ba gaskiya ba ce. Ba zan ƙara faɗinta ba sai alƙali ya riga ni."

"Aikin asibitin fa?"

"Su ba na bayana. Shi ma da iyali."

Aka turo masa takardar ta ƙasan ƙarafa. Biron ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Na sunkuya zan ɗauka, ya tare ni da ɗaya hannun, ya ɗauka da kansa. Ya rubuta sunansa cikakke, a hankali, sannan ya tura takardar ciki.

"A sa mini rana mafi kusa," ya ce.