Hutun Malam Labbo a Bakin Tafki

Jakin bai gama hawa tudun ba Tani ta zame daga bayansa, ta tattare zane, ta nufi gangare da gudu. Mace mai jikoki, wadda gwiwa ba ta barin ta tashi daga sallaya sai ta dafa bango, ga ta tana tsallake kututturan gero kamar 'yar akuya.

"Ke Tani! Mayahinki!" in ji mijinta, Malam Labbo, yana biye da ita da ragamar jaki a hannu.

Ba ta juyo ba. Tafkin na shimfiɗe a ƙasa, bado ya rufe gefensa, ruwan ya miƙe arewa har inda ake cewa ƙasar Faransa ce.

Malam Labbo magatakardan alƙalin garin Isa ne, mutum mai nauyin baki da nauyin rawani. Tani kuwa 'yar masunta ce, a cikin jirgin ubanta ta koyi zama. Ranar da aka kawo ta gidansa ya yi mata alkawarin zai riƙa kai ta ta ga ruwa. Sai aiki ya samu, girma ya zo, matar magatakarda kuma ba ta fita. Alkawarin ya tsufa tare da su, ba ta taɓa tuna masa ba, kuma rashin tunin ne ya fi cin ransa. Wata rana a daminar bana ya shigo gida ba sallama, ya tarar da ita zaune bisa kifaffen turmi, ido a rufe, tana tuƙa iska da muciya, dama da hagu. Ya koma zaure ya zauna, ya kasa cin tuwo. Washegari ya roƙi alƙali abin da ya ga Turawa na roƙa, wato hutu.

Bukkar da suka nufa an gina ta ne don wani Bature mai zuwa harbin dinya, babbar agwagwar daji. Tun da yaƙin Bama ya kwashe Turawa ba wanda ya kwana a ciki, sai Bawa sarkin ruwa ke shanya komarsa ta kamun kifi a inuwarta. Malam ya same shi, ya ce hayar bukkar yake so.

"Haya?" in ji Bawa, ya buɗe baki. "Allah shi gafarta Malam, baƙo na biyan ɗaki? Kana so a yi mani waƙa?"

"Sarkin ruwa, baƙo na kowa na. Ni kau so nike in biya, ɗakin shi zama nau, in ja asabari awa Bature, kowa shi ƙyale ni."

Bawa bai gane ba, amma da aka ajiye masa gishirin mangul da ƙwaryar goro ya ce to, ya kuma nuna jirginsa da ke ɗaure a gindin giyayya, ya ce har da shi a ciki.

Washegari da hantsi Malam bai san kansa ba don murna. Tani ta tsaya a ƙofa tana gaya masa sunan kowane tsuntsu kamar tana gaisa da dangi. Ta ce waccan kumfar da ke tashi tarwaɗa ce, waccan kuma ƙarya ce, kwaɗo ne. Suka tono kujerar Bature ta tamfol a ƙarƙashin tabarmi, suka yi ta juya ta har ta tsaya da ƙafafunta. Malam ya gyara riga ya zauna da ƙasaita, kujera ta naɗe da shi, ƙafafu sama, rawani ya gangara ƙofa. Tani ta yi dariya har ta durƙusa.

"Malam, ashe haka Turawa ka hutawa?"

"Ɗaga ni, ke dai! Kada ki hwaɗa ma kowa."

Shi ma dariyar yake yi, irin wadda ya manta yana da ita. Suka shirya cewa da an yi azahar, maza na gona, za ta ɗauki filafili ta shiga jirgin, shi kuwa ya tsaya a gaɓa yana gadi.

Ba a kai azahar ba aka yi sallama. Yari mai unguwa ne, da dattawa a bayansa, da ƙwaryar fura da zakara ɗaure. Tani ta faɗa ɗaki, asabari ya sauka.

Aka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka sake ta daga fari. Sannan Yari ya matso, ya rage murya. "Malam, mi munka yi? In shanun da anka ƙetara da su na, ba namu ba na."

"Ba aiki niz zaka yi ba. Hutu niz zaka."

Dattawa suka dubi juna. Wani ya ce, "Subhanallahi. Wane ciwo na?"

"Lahiyata lau."

"Haka mai haƙuri ka cewa," in ji Yari, yana girgiza kai. "Mutum da gidanai da iyalinai, shi taho daji shi kwanta? Ba mu barin ka kai ɗai, Malam. Ba a yi muna wanga tarbiyya ba."

Nan take aka raba aiki: waɗansu su zauna da shi har la'asar, waɗansu su karɓe su. Aka aika a kirawo wanzami. Labari ya kai gonaki, mutane suka ajiye lauje suka taho dubiya. Tun da kuma ga magatakarda a kusa, wani ya ga asara ce a bar shi haka, ya shigar da ƙarar jakin maƙwabcinsa da ya ci masa dami. Maƙwabcin na wurin, jakin ma aka jawo shi. Wanzami ya iso ya zazzage ƙahonninsa, yana duban ƙeyar Malam da sha'awa.

Malam na amsa "Amin, amin," amma kunnensa na ga ɗaki. Ba motsi. Da inuwa ta fara tsawo ya saci kallo, ya ga an ɗan buɗa karan asabari daga ciki, daidai faɗin ido. Ba shi ake kallo ba, jirgin ake kallo. Sai ya gane abin da ya yi: ya ɗauko ta daga babban gida, ya yi tafiyar yini da ita, ya kulle ta a ƙaramin ɗaki, ruwan yana gabanta.

"Gobe mutanen ƙetare za su taho," in ji Yari cikin jin daɗi. "Mun aika musu."

Malam Labbo ya san abin da za a ce a Isa kafin jakinsa ya kai gida, ya san kuma yadda alƙali zai dube shi ta saman tabarau. Duk da haka ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"Sarkin ruwa, kwance jirgin. Za ni shiga."

Bawa ya tashi. "To, bari in ɗauko hilahili in tuƙa ka."

"Zamna abinka. Ina da matuƙi."

Ya taka zuwa ƙofar bukka, ya ɗaga asabarin da hannunsa har sama, ya riƙe. "Hito, Tani. Rana za ta hwaɗi."

"Malam, mutane," in ji ta, murya ƙasa ƙasa.

"Na gan su. Tun hantsi nike ganin su."

Ta fito. Dattawan ƙauye, masu kunya ne, gaba ɗaya suka juya baya. Yari ya shiga nazarin reshen giyayya, wanzami ya duƙufa kan ƙahonninsa, mai ƙara da wanda ake ƙara suka tsura wa jakin ido tare.

A bakin ruwa ta tuɓe takalma, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta hau gindin jirgin ba tare da ta dafa komai ba. Malam, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba, ya sa ƙafa ɗaya, jirgi ya yi tangaɗi, ya yi salati da ƙarfi.

"Zamna tsakiya! Kada ka riƙe gehe! Wa ya ce ka tashi?"

Ya zauna inda aka ce. Ta dogara filafili a laka ta tura, bado ya dare musu hanya. Bugu na fari ya karkace, na biyu ya daidaita, daga nan kafaɗunta suka tuna. Gaɓa ta yi ta ja da baya da jerin ƙeyoyin dattawa.

"Malam!" Muryar Yari ta biyo su bisa ruwa. "Mu juyo?"

Malam ya buɗe baki zai amsa, sai ya ji sanyi na ratsa wandonsa. Jirgin Bawa na yoyo. Tani ta tura masa wani tsohon ƙoƙo da ƙafa, ba ta ko dube shi ba, idonta na can tsakiyar tafki.

"Kwarhe muna, Malam. Da nisa za mu."

Ya ajiye rawani bisa cinya, ya naɗe hannun riga, ya fara kwarfa.