Baƙin Mai a Gindin Mangwaro

Muktar bai taɓa cika wata uku a sana'a ɗaya ba. Ya yi faci a Gusau, ya yi kwandasta a motar Tsafe, duk ya bari. Shi ya sa da kawunsa Jatau ya damƙa masa dashen mangwaro shida a fadamar 'Yankuzo, sai da ya kafa sharaɗi: in suka kai damina da rai, gefen fadamar nasa ne. In suka mutu, a ba wani.

Sati biyu da soma ban ruwa, kiyashi suka ja layi a jikin itatuwan, suna hawa suna sauka, sabon toho yana nannaɗewa. Muktar ya zuba toka, iska ta kwashe. Zama ya gagare shi. Ya je, ya dawo, ya sake komawa. Can ya tuna yadda ake shafa wa dirkar rumfa baƙin mai saboda gara. Ya hau mota sai Gusau, ya roƙo gwangwani guda a gareji, ya shafe gindi huɗu kafin man ya ƙare. Kiyashi suka tsaya cak.

Kwana biyar, ɓawon ya yi laushi ya tsattsage, ganye ya yi yaushi.

Jatau ya durƙusa ya shinshina. "Kai, mi ka shafa musu?"

"Baƙin mai, Kawu. Irin na rumfa."

"Dirkar rumfa na shan ruwa? Tana toho? Ka zo ka yi ma mai rai maganin matacce."

Wata mota ta yi oda a bakin titi. Muktar ya waiga.

"Ga ta can, in tafiyar ce," in ji Jatau. "In ba ita ba, ɗauko tsumma."

Suka goge man da ruwan sabulu har hannu ya gaji. Sannan tsohon ya matsa sama kaɗan, inda ɓawon ke da lafiya, ya naɗa tsumma mai laushi, ya rufe da leda, ya ɗaure sako-sako. A kan ledar ya sa Muktar ya shafa giris, don kada kiyashi su haye.

"Kada ya taɓa iccen. Duk sati biyu ka kwance, ka duba, ka sauya wuri. Icce na ƙiba, ɗauri na shaƙe shi."

Muktar ya riƙa kwancewa duk kwana uku, har sai da kawun ya daka masa tsawa.

Ranar da ruwan farko ya sauka, uku sun bushe ƙayau, uku na tsaye da ganye shar. Jatau ya daɗe yana dubansu. Sai ya ja layi da ƙafa, ya raba gefen fadamar biyu.

"Inda masu rai suke, naka ne."

Muktar ya tsallaka layin ya tsaya kan busassun. "Kawu, in na samo dashe a Bunguɗu gobe fa?"

"Gobe? Tumɓuke waɗanga tukuna."